Ranar da Yaya Ya Karanta Agwagwa

A titin ana ce masa Mai Tabarau, a gidansu kuwa Auta ne har gobe, ko da yake furfura ta riga ta cinye masa rabin kai. Shagonsa yana tsakanin mai gyaran waya da wata mai ɗinki, ɗaki ne dogo siriri kamar lungu: kantar gilashi cike da tabarau a bakin ƙofa, kujerar gwaji a tsakiya, allon haruffa a bangon ƙurya, sai hatimi a cikin durowa da yake kullewa ko bayan gida zai zaga. Duk direban da zai sabunta lasin sai ya kawo masa takardar gwajin ido ya buga wannan hatimin. Direbobi sun san shi sarai, kuma babu mai ƙaunarsa. In mutum ya ce, "Haba maigida, layi ɗaya ne fa ya gagare ni," sai ya leƙo shi ta saman tabarau ya ce, "A wannan layin ne yara suke tsallaka titi."

Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Wuyar zama ce da shi kawai. Mace ta gwada tabarau ta juyo tana murmushi ta ce, "Ya yi mini kyau?" sai ya ce, "A'a." Matarsa ta daina tambayarsa ko abinci ya yi daɗi tun a watan farko na aurensu, kuma ta ce wannan dabarar ce ta riƙe auren.

A coci bencinsa na uku daga gaba, da ɗan littafin rubutu a cinya. Babu wa'azin da yake so kamar na mutanen da suka rabu da gida da dangi saboda Almasihu. In Fasto ya kama wannan zancen, sai ka ga Mai Tabarau ya gyara zama, ido ya ciko da ƙwalla. A ransa ya riga ya shirya tsaf: wata rana za a kama shi, alƙali ya daka tsawa, shi kuwa ya miƙe ya faɗi wata magana da za a riƙa maimaitawa bayan ransa. Har maganar ya tsara, yana bitarta yana goge gilashi. Shekara ashirin yana jira, ɗan sanda ɗaya ne ya taɓa leƙowa, shi ma ƙafar tabaransa ce ta karye.

To wa ma zai tsananta masa? Gidansu kaf 'yan coci ne. Mama ce ta shugabanci matan coci har ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Yaya, babban wansu, dattijon coci ne, shi ke jan waƙa da wata murya kamar hon ɗin babbar mota. In aka taso waƙar barin kome don bin Ubangiji, bencin gidansu ya fi kowa ɗaga hannu. Matar Yaya har rufe ido take yi tana girgiza kai kamar yanzun nan za ta bar komen, alhali jakarta tana maƙale gam a hammata.

Mama tana da wata doka a falonta. Hotunan 'ya'yanta shida ne jere a bango sama da doguwar kujera, duk girma ɗaya, duk cikin baƙin firam, na Yaya da na Auta gefe da gefe a tsakiya, don su ne 'yan gaban goshi. Wanda ya ɓata mata rai, ba ta zagi, ba ta kuka. Sandarta take ɗauka ta je ta juya hotonsa ya fuskanci bango. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga dangi: "An juya wance." Wata yayar Auta ta yi mako uku a juye saboda ta gaida Mama a tsaye. Mutum biyun tsakiya ne kawai ba a taɓa juyawa ba.

Kuma Mama in ta furta magana ta furtu, ba ta lashe amanta ko sama za ta faɗo. Ita ce ta zane Auta yana ɗan shekara bakwai, ba don ya fasa fulas ba, don ya ce kyanwa ce ta fasa. "A gidan nan ba a ƙarya," in ji ta, "ko za a mutu." Sauran yaran suka ɗauki wannan irin faɗan iyaye ne da aka saba, suka wuce abinsu. Auta ne kaɗai, da yake Allah bai ba shi wayo ba, ya ɗauka da gaske ake.

Yaya kuwa tun da mahaifinsu ya rasu ya hau sitiyari. Da sitiyarin nan ya ciyar da gida, ya aurar da ƙanne, ya kai Auta makarantar koyon aikin ido, shi ya ɗaukar masa akwati a ka har ɗakin kwana. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba ya barin a manta. A 'yan shekarun nan motar wata makaranta yake ja, yara arba'in safe da yamma. Sai ido ya fara ja da baya. Ya zuba shayi a gefen kofi. Ya gaida rigar da aka rataye a jikin ƙofa, har da tambayar iyali. Auta ya lura, ya ce, "Yaya, ka leƙo shago in duba ka."

"Ni da na goya ka za ka duba?" in ji Yaya.

Ana nan lasin ya zo ƙarewa. Kowa a gidan ya san halin Auta, don haka babu wanda ya ɓata yawunsa wajen roƙo. Matar Yaya ce ta je shagon, wai tabarau na rana take nema. Ta gwada goma sha biyu, ba ta sayi ko ɗaya ba, ta faki idonsa ta ɗauki hoton allon haruffa da wayarta. Daga ranar falon Mama ya koma aji. Kullum bayan abincin rana Yaya na kan doguwar kujera, matarsa na riƙe da waya, Mama na buga sanda a ƙasa in ya yi kuskure. Layi takwas, daga ƙaton harafin sama har 'yan mitsi-mitsin ƙasa. Kafin a fara sai an yi addu'a Allah ya buɗe masa kai. Babu wanda ya ga laifin abin. A cewar Matar Yaya, ai ba ƙarya za a sa Auta ya yi ba: zai tambaya, a ba shi amsa, ya buga hatimi da zuciya ɗaya. Taimakonsa ma ake yi.

Abin da ba su sani ba, allo biyu ne a shagon. Akwai na haruffa, akwai na yaran da ba su fara karatu ba, mai hotuna: agwagwa, kofi, gida, takalmi. A safiyar da Yaya ya zo, wata mata ta riga ta kawo 'yarta, Auta ya rataya na hotuna a kan na haruffa, ya manta bai sauke ba. Ba tarko ya ɗana ba. Ina ya ga basirar ɗana tarko?

Yaya ya shigo cikin kayan zuwa coci, matarsa na biye. Ya zauna a kujerar gwaji ya baje ƙafa kamar yana bayan sitiyari. Auta ya rufe masa ido ɗaya, ya waiga ya ga allon yara, ya ce, "Au, Yaya, bari in sau—"

Ina! Yaya ya riga ya ɗauki hanya. "E! F, P! T, O, Z!" Haka ya bi layi takwas ɗin nan ba tuntuɓe, ba numfashi, da muryar jan waƙa, idonsa kyam a kan agwagwa mai girman tafin hannu. Matarsa ta yi tari, ta sake yin tari, ta ja masa riga. Ya ɗauka jinjina ce, ya ƙara murya. Har mai ɗinki sai da ta leƙo da almakashi a hannu. Da ya dire harafin ƙarshe ya jingina, saura kaɗan ya ce amin.

"Yaya," in ji Auta a hankali, "mene ne a can saman allon?"

"Na gaya maka. E."

"Agwagwa ce."

Mai ɗinki ta janye kanta.

Auta ya ɗauko 'yar fitila ya duba idon ciki da bai. Ciwon ya riga ya ci jijiya, irin wanda tabarau ba ya yi wa kome. Yaya ya sassauta murya, abin da Auta bai taɓa ji ba tun da yake. "Auta, shekara biyu kawai nake nema in ajiye sitiyari da mutuncina. Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina."

"Hanya ka haddace, Yaya. Yara ba sa tsayawa wuri ɗaya kamar haruffa."

"Ka buga mini, don Allah."

To ga ranar da ya shekara ashirin yana jira ta zo. Babu alƙali, babu tsawa, sai mutumin da ya ɗaukar masa akwati a ka, zaune yana kallon gefen fuskarsa don bai san daidai inda take ba. Maganar nan da ya tsara ta bi iska. Tausayi ya kama shi har ya kai hannu kan makullin durowa. Da ƙyar ya ce, "Ba zan iya ba. In na buga na yi shaidar zur a gaban Ubangijina."

"Ubangijinka?" in ji Matar Yaya. "Mu kuma gunki muke bi?"

Ranar Lahadi da yamma aka kira taro a falon Mama. Su shida da matansu da mazansu, har da Fasto, aka ba shi kujera mai laushi da shayi. Suka yi wa Auta ca. Wannan ta ce butulu, waccan ta ce wa ya kai shi makarantar da har yake taƙama da hatimi. Da aka gaji aka ba Fasto dama. Ya kurɓi shayi ya ce, "Ɗan'uwa, akwai gaskiya, akwai kuma hikima."

Auta ya zaro ɗan littafinsa, ya buɗe, ya karanta rana da wata, sannan ya karanto abin da Fasto ya faɗa da bakinsa: ranar da jini ya ce dama, Ubangiji ya ce hagu, ranar ake gane mabiyi na gaske.

Fasto ya ajiye kofi. "Wannan ai wa'azi ne, ɗan'uwa. Yanzu maganar gida ake yi."

Duk wannan Mama tana zaune da sandarta a hannu. Sai da falo ya lafa ta ce, "Auta, ni na haife ka. Za ka buga wa ɗan'uwanka ko ba za ka buga ba?"

"Mama, ke kika ce a gidan nan ba a ƙarya, ko za a mutu."

Kai, wannan bawan Allah! Duk maganar duniya ya rasa wadda zai ɗauko sai ya mayar wa uwa tata a gaban surukai. Mama ta cire tabaran da shi ya yi mata, ta ajiye a kan tebur. "Ku shaida, Allah ma ya shaida," ta ce. "Ni da shi ba magana har in koma ga Mahaliccina." Ta dogara sanda ta isa bango, ta laluba, ta juya hoto. Sai dai ba tabarau, hotunan kuma gefe da gefe suke. Na Yaya ta juya.

Kowa ya gani. Wa zai gaya wa Mama ta yi kuskure a irin wannan rana? Auta ne kawai ya buɗe baki zai gyara, matarsa ta take masa ƙafa da iyakacin ƙarfinta. Kuma da yake babu mai taɓa bangon nan sai Mama, haka hoton ya zauna.

A watan farko, in za a faɗi gaskiya, Auta ya ɗan ji daɗin abin. Yana tafiya a hankali, kai a sunkuye, da fuskar wanda ake tsananta wa. Amma tsanantawar ba ta zo da ƙawar da ya zata ba. An cire shi daga rukunin wayar dangi. Bikin 'yar yayarsa a bakin mai ɗinki ya ji, don ita ta ɗinka kayan. A coci 'yan gidansu suka koma ɗaya ɓangaren, suna ɗaga hannu daga can. Suka laƙaba masa Mai Tsarki, har jikoki suka ɗauka sunansa ke nan. Yaya ya je wani wurin gwaji a can nesa, can ma aka kayar da shi, amma wannan bai wanke Auta ba. "Na can ai bare ne," in ji Matar Yaya, "aikinsa ya yi."

Makarantar ta ɗauki sabon direba. Yara arba'in suna zuwa suna dawowa, iyayensu ba su ma san an yi ba. Babu mai zuwa godiya saboda yaron da ba a buge ba. Yaya ya koma zaman gidan Mama da rediyo a cinya. Duk wata Auta yana kai masa maganin ɗigawa a ido, shi kuma yana karɓa, ba godiya, ba zagi.

Abin da ya fi ci masa rai ƙarami ne. Da, in ya shiga gidan, kafin ya zauna Mama za ta ce, "Auta, ka ci abinci?" ko da cokali a bakinsa ya shigo. Wannan tambayar yake kewa, kewa mai zafi, shi da furfurarsa. Duk Lahadi bayan coci sai ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Mama, ina wuni." Ita kuma sai ta ce wa Matar Yaya, "Ki turo ƙofar nan, iska na shigowa." Shekara biyu cur ana haka. Bai fasa zuwa ba, ba ta fasa jin iska ba. In ya dawo gida matarsa takan ce, "Kai da Mama ai tukunya ɗaya aka dafa ku."

Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Yaya ne, karo na farko tun ranar agwagwa. "Ka zo," kawai ya ce.

Auta ya rufe shago, ko durowar bai kulle ba. Ɗakin Mama na warin magani, labule a sake, tabaranta na kan akwati ƙura ta rufe gilashin. Ta rame har ba ta cika rabin gadon ba. Yaya na zaune a gefen kanta, yanzun nan ya gama ba ta ruwa, matarsa na tsaye wajen ƙafa. Auta ya durƙusa a bakin gado. Bai ma gaishe ta ba, sai ga hannunta ya lalubo nasa ya riƙe.

"Babba, kai ne?" in ji ta. Haka take kiran Yaya. Ba ta jira amsa ba. "Babba, Allah ya yi maka albarka. Ka sha wuya a hannuna. Duk cikin 'ya'yana kai kaɗai ka riƙe abin da na koya maka. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya tsare maka ƙofar shagon—"

Yaya, wanda ko teburin sayar da ashana bai taɓa mallaka ba, ya sunkuyar da kai. Matarsa ta zaro wa Auta ido, ta ɗora yatsa a leɓe. Ita ce fa, Matar Yaya, yau take roƙonsa da ido. Amma Auta ba ya kallon kowa. Abu ɗaya kawai yake ji: ana zuba masa albarkar wani, shi kuma ya tara hannu yana karɓa kamar ɓarawo. Tasa matar ba ta nan balle ta take masa ƙafa.

"Mama," ya ce, "ba Yaya ba ne. Ni ne, Auta."

Hannun ya sake shi.

Mama ta daɗe tana numfashi. Sannan ta juya kai wajen Matar Yaya. "Ki gaya wa wannan mutumin, ido na rasa, ba hankali ba. Hannun da na yi shekara da shekaru ina wankewa ne zan kasa ganewa? Na yi rantsuwa a gaban Allah, na samo 'yar ƙofar da zan bi, ya zo ya rufe. Ki ce masa shirun minti ɗaya aka nema a wurinsa. Shiru ba ƙarya ba ne."

Ta juya ta fuskanci bango. Ranar Alhamis ta cika, ba ta ƙara cewa kome da shi ba, ko da sunan wani.

A wurin jana'iza Fasto ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kan riƙon gaskiya, mata suka yi ta kuka. Auta bai zaro littafinsa ba.

Bayan baƙi sun watse ya shiga falo ɗaukar hularsa. Babu kowa sai Yaya a kan doguwar kujera, rediyo a kashe. A bango hotuna biyar suna kallon ɗaki, na Auta a cikinsu da ƙuruciyarsa da ƙaton tabarau, ɗaya kuma ya ba da baya. Auta ya miƙa hannu zai gyara.

"Bar shi," in ji Yaya. Motsin ya ji.

"Kuskure ta yi, Yaya. Nawa ta yi niyya."

"Kai dai ba ka da wayo har yanzu. Kullum da safe ita ke goge hotunan nan da hannunta, ba ta yarda wani ya taɓa. Firam ɗinka yana da tsaga a kusurwa, da yatsa take gane shi. Shekara biyu ina zaune a nan ina jin ta tana goge naka tana hura masa iska." Ya shafa rediyon da ke cinyarsa. "Ni ta juya, Auta."

Auta ya tsaya da hannu a sama. Ya buɗe baki, ya rufe. Babu wanda ya take masa ƙafa, amma ya yi shiru. Ya zauna a gefen Yaya a kan doguwar kujera, har aka zo share falon suna nan zaune.